Waƙar Rakiyar Mama Sitati

Ranar Asabar ce, ƙarshen daminar 1956, a wani ɗakin taro mai rufin kwano a Sabon Gari. Ina tsaye a sahun gaba, shekaruna goma sha biyu, sanye da farin takalmin kambas da ya matse min babban yatsa. Ɗaki ya cika har kan tagogi, zafi kamar ka kara fuska a dutsen guga. Ƙungiyoyin waƙa ne suka zo gasa, mu ne na ƙarshe. Ticha Istifanus, mai koyar da mu, ya ɗaga 'yar sandarsa ya dube ni, na buɗe baki na ja baitin farko ni kaɗai, sauran suka amsa a bayana. Kafin mu kai tsakiya mutane sun miƙe suna tafi, wata mata mai jiki ta fito fili tana rawa da hankici a hannu. Cikin wannan murnar ce na hango wata tsohuwa a bencin baya ta tashi, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ratsa mutane ta fice ba ta waiwayo ba. Mama Sitati ce. Ban yi shiru ba. Na kai waƙar har ƙarshe, muka ci kofi, aka ɗaga ni sama. Na san abin da ya fitar da ita, kuma duk ɗakin nan ni kaɗai na sani.

Ni ba marubuci ba ne. Aji huɗu na elementare na yi, na koma kan dutsen gugan ubana, har yau a kansa nake. Abin da ya sa na ari biro shi ne wani ɗan littafi mai sheƙin bango da ƙungiyar waƙar tamu ta buga kwanan baya, wai tarihinta. Yaron maƙwabcina ya kawo min yana zumuɗi, na karanta a hankali ina bin layi da yatsa. Suka ce Ticha Istifanus ne ya kafa ƙungiyar. Suka ce shi ya ƙirƙiri waƙar da suke buɗe kowane taro da ita. Ƙarya biyu a shafi ɗaya, ga hoton mutum da nakatayal a sama. To, tunda waɗanda suka yi boko sun rubuta nasu, bari mai guga ma ya rubuta nasa.

Ƙungiyar nan a bakin kududdufi aka haife ta, wanda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda yanzu aka cike aka yi shaguna. Ubana Modu, Babarbare ne, kakana ne ya zo Kano tun kafin jirgin ƙasa, wanki da guga kuma shi ne abincinmu. Da asuba in na dawo daga makarantar allo sai a ɗora min ƙullin kaya a ka, na ma'aikatan reluwe da na Kwarori, baƙin 'yan kasuwar da ke sayen gyaɗa, mu nufi bakin ruwa. Can za ka tarar da kowa: Barebari, Nufawa, Yarbawa, Inyamurai, mutanen kudancin Zazzau, kowa da dutsensa da sabulun salonsa da garwarsa. Aikinmu mu yara shi ne jan ruwa, da kaɗa bula, da shanya a kan ciyawa, da korar awaki kada su taka farin zanen gadon Bature. In kaya suna shan rana mu yi langa, ko ƙwallon tsumma, ko mu kora gare-gare har bakin tasha mu kalli 'yan dako suna hawa dalar gyaɗa. Mai buga kaya a kan dutse kuwa ba ya rabuwa da waƙa. Wannan ya ja ta garinsu, wancan ya amsa ko bai san ma'ana ba, don hannu ya tafi daidai. Da haka aka fara. Ba wanda ya kafa komai. Sai ya zama in ɗayansu na biki ko suna, duk su wanke jiki su je su yi masa waƙoƙin bakin ruwa, mutane suna ce musu 'yan kududdufi.

Suna da wata al'ada da littafin nan bai ko ambata ba. Kowace waƙa tana da mai ita, kuma tana da mai riƙo. Baƙi ne duka, wani ya bar garinsu ba zai sake ganinsa ba, don haka babba yakan zaɓi yaro mai kunne ya ɗura masa waƙarsa, ko ya mutu ko ya tashi ta zauna. Mu Musulmi ba a yi wa gawarmu waƙa, namu na aiki ne da na biki. Amma wasu cikin mutanen kudu suna da wadda ake raka gawa da ita, kuma ita wannan ba a yin ta a bakin ruwa. A ɗaki ake koyar da ita, da murya ƙasa-ƙasa.

Mama Sitati ba na jin akwai wanda ya riƙe sunanta na yanka. Inyamura ce daga wani ƙauye na bakin kogi, mijinta makanikin reluwe ne ya mutu ya bar ta a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, ba ɗa ba jika. Ita ke yi wa duk masu wanki sitati. Tana gurza rogo a magurjin gwangwani, ta jiƙa, ta tace da tsumma, ta shanya a faifai, hannayenta kullum fari fat kamar ta shafa alli. Ni ake aika karɓo wa ubana. Takan zaunar da ni ta ba ni garin kwaki da ƙuli-ƙuli, tana min faɗa da karyayyiyar Hausarta: "Bukar, kai ba ya ci abinci? Wuya kamar zakara!" Bayan tashin hankalin 1953 mutanen ƙauyensu biyu da suka rage a Kano suka hau jirgi suka tafi. Ita ta ce ba ta da wanda za ta koma wa. Daga nan ne ta zo gidanmu a Fagge, ta durƙusa a zaure gaban ubana, ta ce a ba ta aron kunnena ta ɗura min waƙar rakiyar gawa ta ƙauyensu. Yaran Inyamurai na zuwa makarantar mishan, malamin coci zai zane su in ya ji suna waƙar da ya kira ta arna, kuma ko manyansu ba su san ta ƙauyensu ba. A wurinsu, in ji ta, duk wanda aka fitar daga ɗaki ba a yi masa wannan waƙa ba, ba ya gane hanyar gida, sai ya yi ta yawo a ƙasar mutane. Ubana ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ba addininmu ba ne. Coci ba zai shiga ba, maƙabartarku ba zai je ba. Amma daga ɗaki zuwa ƙofar gida, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Bukar, ka ji, amana ce aka ba ka."

Wata shida ina koyonta. Bayan la'asar take rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado, ni a ƙasa kusa da buhun rogo. Baiti bakwai ne, dogaye, a hankali ake jan su kamar mai tafiya da kaya a cikin yashi, kuma akwai wani wuri da murya ke sauka ta tsaya cik, sai ka ɗauka an gama, sannan ta sake tashi. Ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce sunayen wurare ne, kogi da kasuwa da bishiya, har ƙofar gidan ubanta. In na yi kuskure sai ta ja min kunne da hannun sitati, in je gida da farin tabo, innata ta gane na yi shirme yau. Doka ɗaya ta kafa min, ta maimaita har na gaji da ji: "Ba waje. Ba biki. Sau ɗaya, ranar ni." Na ce na ji. Ranar da na yi ta daga farko har ƙarshe ba gyara, tsohuwar nan ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna rawa, sannan ta ɗauko min kifi busasshe guda cur.

Ticha Istifanus a 1955 ya zo mana. Saurayi ne mai tsabta, malamin makaranta, ya ji mu a wani biki ya ce muna da murya amma ba mu da tsari. Gaskiyarsa ce, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya samo mana aron aji a makarantarsu ranar Asabar, da wani akwatin kiɗa da ake taka wa iska da ƙafa. Ya raba mu kashi huɗu, masu siririyar murya da masu kauri, ya rubuta do re mi a allo, ya sa mana suna kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa. Ya kawo 'yan makaranta suka cika benci. Tsofaffin bakin ruwa da ba su iya karanta allo ba sai aka mayar da su baya, daga baya kuma suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kore su, ba kuma wanda ya neme su. Ubana sau biyu ya je, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa yaro ya nuna shi da sanda ba. Ni na zauna. Ni ɗan mai wanki ne, ƙafata duk faso, ina zaune cikin 'ya'yan akawu masu takalmi, suna toshe hanci suna ce min warin sabulun salo. Amma in aka zo waƙa duk na fi su, kuma Ticha ya sani.

Da maganar gasa ta taso, ya ce kowace ƙungiya za ta zo da waƙoƙin littafi, shi yana son wadda ba wanda ya taɓa ji. Ya ce duk wanda ya kawo irin ta, shi zai ja baiti a gaba, kuma shi da kansa zai saya masa kambas, don ba a tsayawa sahun gaba da ƙafa a ƙasa. Kwana uku ina juya maganar. Ranar Asabar da aka tashi na tsaya har kowa ya watse, na ce, "Ticha, ina da wata." Na yi masa ita a cikin ajin nan, tagogi a buɗe. Ya ajiye alli, ya zauna a kan tebur. Da na gama ya ce, "Kai, yaro! Ina ka samo wannan? Ta mece ce?" Na ce, "Ta wanki ce, Ticha." Haka na ce. Ba wanda ya tilasta ni. Shi ba ya jin Inyamuranci, ya yarda. Ya sa na maimaita sau biyar yana rubutu, ya ce ta yi tsawo kuma ta yi sanyi. Ya yanke baiti huɗu, ya zubar da kalmomin ya sa na Hausa, na taro da murna da zumunci, ya ƙara mata sauri har ƙafa na motsi da kanta. Wurin nan da murya ke sauka ta tsaya, ya cike shi da tafi uku. Wallahi ta yi daɗi. Ba zan ce ba ta yi daɗi ba. Na gaya wa kaina ai ta zama wata waƙa dabam, tsohuwa ko ta ji ba za ta gane ba. Ban taɓa zaton za ta zo gasar ba. Ashe innata ta gaya mata ni zan tsaya a gaba, ta rufe ɗaki ta ɗaura zanenta na coci ta zo kallon ɗanta.

Ubana bai doke ni ba, da ya doke ni da ya fi min. Ya ɗauki takalmin ya jujjuya shi, ya ajiye, ya ce, "Wannan ne kuɗinta?" Daga ranar ya daina aika ni karɓar sitati, ƙanena yake aikawa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je. Na tarar tana gurza rogo a tsakar gida, na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta tashi ta zubo min garin kwaki kamar kullum, ta ajiye a gabana, ta ce, "Ci. Sun yi rawa, Bukar. Ni yana da rai, sun yi rawa." Ban taɓa garin ba. Na tashi na gudu, kuma ban sake komawa ba. Ticha kuwa ya ji labari, don ubana ya same shi ya gaya masa baki da baki. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma waƙa ta riga ta shiga bakin mutane, ba a iya kwaso ta. Ya ci gaba da sa mu yin ta. Ni ma na ci gaba da ja. Bikin akawu, sunan ɗan dillali, taron 'yan ƙwallo, duk inda aka kira mu sai an ce a yi wadda ta ci kofi. Shekara ɗaya da rabi, na yi ta ya fi sau ɗari. Tsohuwar waƙar kuwa ban yarda na taɓa ta ko a zuci ba, don kunya. Na ɗauka tana nan a ajiye kamar kaya a ƙasan akwati.

Cikin bazarar 1958 aka aiko daga gidan hayarsu cewa Mama Sitati na kirana. Da hantsi na je. Ta rame har ban gane ta ba, hannayen nan sun koma baƙi don ta daɗe ba ta taɓa rogo ba. Ta kama yatsana ta ce, "Ba ni da wani. Ko ya ɓaci, ka yi." Sannan ta ce, "Kana da shi? Bakwai?" A nan ne ya kamata in ce, Mama, ban tabbata ba, ja min ko sau ɗaya in bi. Tana da sauran numfashi, da ta yi. Amma na ji nauyin in nuna mata cewa bayan na sayar na kuma yi sakaci. Na ce, "Ina da ita, Mama. Duka." Ta saki yatsana ta rufe ido, hankalinta ya kwanta. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Ranar fitar da ita mutanen bakin ruwa duk sun zo, har waɗanda suka daina waƙa. Ticha ma ya kawo 'yan kwaya cikin fararen kaya, wai girmamawa. Ubana ya riƙo hannuna ya tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin, ba takalmi, shi ya ce in cire. Mutum huɗu suka ɗaga akwatin gawar. Daga ɗakinta zuwa ƙofar gida bai fi taku talatin ba. Aka yi tsit, na ja layin farko, ya fito daidai, da kalmominta, a hankali yadda ta koya min. Na shiga na biyu. Kalmomin babu su. Na laluba, na koma baya, na sake tahowa, sai bakina ya faɗa hanyar da ya saba, ya ɗauki sauri da kansa, ga Hausar Ticha tana fita. Yaran kwaya da suka ji an ja musu baitin da suka sani, sai suka amsa, murya huɗu, tsaf, har da tafi uku a wurin da ya kamata a yi shiru. Ba mugunta suka yi ba, abin da aka koya musu ke nan. Masu akwati ba su san abin yi ba, suka ci gaba da tafiya. Haka aka fitar da Mama Sitati daga gidan nan, da waƙar taro da murna. Ubana bai saki hannuna ba har muka isa Fagge, kuma bai taɓa tayar min da maganar ba, ranar ko bayanta, har ya bar duniya.

Ban sake komawa kwaya ba. Suka ce muryata ce ta fashe, na bar su a haka. Makarantar ma a shekarar na bar ta. Ƙungiyar ta mutu lokacin yaƙin basasa ta sake tashi, yanzu suna da riguna masu launi da lasifika da motar haya, Ticha ya tsufa ana kawo shi a kujera ana masa tafi. Kududdufin an cike shi, gidan hayar an rushe an yi shagon kayan lantarki, sitati ma a leda ake sayar da shi, ba wanda ya san hannun da ya yi. Babu mai riƙon waƙar kowa, sai kaset. Wani malami da na taɓa ba labarin ya ce in kwantar da hankalina, waƙa ba ta kai mamaci ko'ina. Na sani, ni ma Musulmi ne. Amma ba ni aka tambaya abin da na yi imani da shi ba. Ita ta yarda, ta ba ni, na ce na karɓa.

Ranar Asabar in iska ta juyo daga Sabon Gari nakan jiyo su daga shagona suna buɗe taro da ita, mutane na tafi uku. Sai in ajiye dutsen guga in ja layin farko a hankali, ƙasa-ƙasa, ko na biyu zai biyo. Shekara talatin da biyu ke nan bai biyo ba. Sunan kogin kawai nake da shi, kasuwar da bishiyar da ƙofar gidan ubanta duk sun ɓace a bakina.

A bakin kogin nan na bar ta, kuma a nan take tsaye har yau.